Wayar haɗa talabijin: tsada ba ta ƙara kyan hoto

Da wuya mutum ya sayi sabon akwatin talabijin a yau ya bar shago ba a yi masa tayin wayar da zai haɗa shi da dikoda ko na'urar faifai ba. Galibi akan ajiye masa iri biyu a gaba: mai araha da ke rataye cikin leda, da mai tsada da ke cikin kwali mai sheƙi, wadda ake cewa ita ce za ta fito da ainihin kyan hoton.

Wanda ya riga ya kashe maƙudan kuɗi wajen sayen babban allo da lasifikoki domin mai da falonsa ƙaramar silima, yakan ji tsoron kada ƙaramin abu ya ɓata masa babba, don haka sai ya ɗauki mai tsadar.

Sai dai yadda wayar ke aiki ya nuna cewa wannan tsoro ba shi da tushe. Muddin wayoyin biyu na iya ɗaukar saƙon da aka ɗora musu, hoton da za su isar iri ɗaya ne, ɗigo da ɗigo. Akwai bambanci tsakanin waya da waya, amma ba a wurin da masu talla ke nunawa yake ba, kuma gane inda yake shi ne abin da ke raba mai saye da asara ta fuska biyu: ko dai ya biya kuɗin banza, ko kuma ya kwaso jabu da sunan araha.

Daga wayoyi uku zuwa ɗaya

Waɗanda suka yi zamanin kaset ɗin bidiyo za su tuna da wayar nan mai kawuna uku, ruwan ɗorawa na hoto, ja da fari na sauti. A Faransa da ƙasashen da ke sayen kayanta, ciki har da Nijar, an fi sabawa da wani faffaɗan kai mai haƙora 21 da ake kira SCART ko Péritel. Daga baya na'urorin DVD suka zo da wayoyi kore da shuɗi da ja, waɗanda ke raba hoton gida uku domin ya ƙara fitowa.

Dukkansu tsarin analog suke bi. A shekarar 1999 ne kamfanonin kwamfuta suka fito da DVI, wayar da ke ɗaukar hoto a tsarin dijital, amma ba a tsara ta domin ɗaukar sauti ba, kuma kanta babba ne mai kusoshi biyu na ɗaurewa.

A watan Disamban 2002 kamfanoni bakwai, wato Hitachi da Panasonic da Philips da Silicon Image da Sony da Thomson da Toshiba, suka fitar da ƙa'idar HDMI ta farko. Sun ɗauki hanyar aika hoto ta DVI, suka ƙara mata sauti, suka ƙanƙantar da kan zuwa mai haƙora 19. Saboda wannan dangantaka ne har yanzu ake iya haɗa tsohuwar kwamfuta mai DVI da talabijin mai HDMI ta hanyar ɗan mahaɗi maras tsada, ko da yake galibi sai an nema wa sauti wata hanyar.

Cikin 'yan shekaru HDMI ta mamaye falo. Faifan Blu-ray da na'urar wasa ta PlayStation 3 sun fito da ita a 2006, kuma a yau dikodojin DStv da StarTimes da Canal+ masu nuna hoto tangaran duk ta ita suke fitar da shi.

Abin da ke bi ta cikin wayar

A tsarin analog, ƙarfin wutar da ke bi ta waya shi ne hoton kansa. Idan wutar ta ragu kaɗan a hanya, hoton ya dushe kaɗan. Idan wata na'ura a kusa ta jefa hayaniya cikin wayar, sai a ga layuka ko inuwa a allo. Kowace raguwa ana ganinta, saboda haka a wancan zamani wayar da aka yi da kyau tana iya ba da hoto mafi kyau, kuma mai sayarwa bai yi ƙarya ba idan ya faɗi haka.

'Yan kasuwar finafinan Hausa na shekarun 1990 sun san wannan a aikace. Kaset ɗin da aka kwafa daga na asali ba ya kai shi kyau, wanda aka kwafa daga kwafin kuma ya fi lalacewa, har a kai ga wanda da ƙyar ake gane fuskokin 'yan wasa. Da faifai ya zo, sai kwafi na goma ya zama daidai da na farko.

Dalili shi ne tsarin dijital ba ya aika hoton kansa, lissafinsa yake aikawa. Allon da ake kira 1080p yana da ɗigo 1,920 a kwance da 1,080 a tsaye, wato ɗigo 2,073,600. Kowane ɗigo yana da lambobi uku da ke faɗin yawan ja da kore da shuɗin da ke cikinsa, kuma ana rubuta lambobin da alamomi biyu kacal, sifili da ɗaya. Aikin talabijin a ƙarshen waya shi ne ya tantance, a kowane ƙiftawa, ko sifili aka aiko ko ɗaya.

Saƙon yana raunana a hanya kamar yadda na analog ke yi, amma raunin ba ya shafar ma'anarsa. Ɗaya mai ƙarfi da ɗaya mai rauni duk ɗaya ne, matuƙar ana iya bambanta shi da sifili. Kwatankwacinsa shi ne kuɗin da aka tura ta wayar salula: naira dubu biyar da aka aika daga waya mai tsada ba ta fi wadda aka aika daga ƙaramar waya auki ba.

An kuma gina wa HDMI kariya daga hayaniya. A tsarin da ta gada daga DVI, saƙon yana tafiya ta tagwayen zare guda huɗu, uku na hoto, ɗaya na daidaita lokaci. Kowane tagwaye na ɗauke da saƙo iri ɗaya, ɗaya a miƙe ɗaya a juye, kuma talabijin yana karanta bambancin da ke tsakaninsu ne kawai. Hayaniyar da ta shigo daga waje tana faɗa wa zaren biyu daidai wa daida, sai ta soke kanta.

To me ke faruwa idan wayar ta gaza? A nan ne hujjar masu talla ke rushewa. Kuskure a saƙon dijital ba ya zaɓen inda zai faɗa. Idan aka karanta sifili a matsayin ɗaya, ɗigo guda ne zai fito da launin da ba nasa ba, shi ya sa alamar farko ta waya mai matsala ita ce ƙananan ɗigo masu walƙiya kamar taurari, waɗanda aka fi gani a wuraren da hoton ya yi duhu. Idan kurakuran suka yawaita, hoton yakan ɗauke ya dawo, ko sauti ya yanke, ko allon ya yi baƙi ƙirin.

Abin da kuskure ba zai taɓa yi ba shi ne ya rage wa jan launi armashi a duk faɗin allo, ko ya sa baƙi ya zama toka-toka, ko ya rage kaifin hoto. Kafin hakan ta faru, sai wayar ta sake lissafin ɗigo miliyan biyu cikin tsari, sau hamsin ko sittin a kowace daƙiƙa, alhali ita zaren jan ƙarfe ce kawai da ba ta san abin da take ɗauke da shi ba. Haka nan ba za ta iya ƙara wa hoto kyan da ba a aiko da shi ba.

Ma'ana, idan hoto ya fito babu walƙiya babu yankewa, wayar ta gama aikinta, kuma babu wata da za ta fi ta.

Yadda aka ci kasuwa a Amurka

Camfin wayar mai tsada ya yi ƙarfi ne a Amurka a tsakiyar shekarun 2000, lokacin da jama'a ke rububin sayen talabijin masu faɗin allo gabanin rufe tashoshin analog, wanda aka yi a watan Yunin 2009. Gasa tsakanin manyan shaguna ta sa ribar da ake samu a kan talabijin ta yi ƙasa matuƙa, sai suka koma neman ta a kan ƙananan kayan haɗi.

A lokacin ana sayar da wayar HDMI ta kamfanoni irin su Monster a kan fiye da dala 100, yayin da ake samun mai tsawo ɗaya a intanet a ƙasa da dala 10. Masu saye kuwa sun fito ne daga zamanin analog, inda suka saba da cewa waya mai kyau tana gyara hoto, don haka maganar ta shige su ba tare da wahala ba.

Mujallu da shafukan nazarin kayan lantarki sun yi ta gwada wayoyin gefe da gefe, wasu da na'urorin ƙirga kuskure, kuma sakamakon bai sauya ba: a gajeren zango babu bambanci a hoton. Kuɗin lasisin HDMI ma ba zai zama hujjar tsadar ba, domin abin da masu ƙera kaya ke biya a kan kowace guda 'yan sentoci ne na dala.

Zinaren da ake tallatawa a kan wayar gaskiya ne, amma shafe ne siriri ƙwarai da aka yi domin hana tsatsa. Yana da amfani a garuruwa masu laima kamar Legas ko Fatakwal, ba ya kuma ƙara komai a hoto, kuma wayoyi masu araha da yawa suna da shi.

Rubutun da ya kamata a nema a kwali

Bambancin gaske na farko shi ne yawan saƙon da waya ke iya ɗauka a daƙiƙa guda, wanda ake aunawa da gigabit. Yayin da allo ke ƙara yawan ɗigo, kayan da ake ɗora wa wayar na ƙara nauyi, kuma ƙa'idar HDMI ta yi ta faɗaɗa domin ta ɗauke su. Ta farko ta tsaya a kusan gigabit 5. Ta 1.3 da ta fito a 2006 ta kai 10.2, ta 2.0 a 2013 ta kai 18, ta 2.1 a 2017 ta kai 48, sannan a 2025 aka fitar da ta 2.2 mai gigabit 96.

Waɗannan lambobi na na'urori ne, ba na waya ba. Tun 2010 hukumar da ke ba da lasisin HDMI ta hana masu ƙera waya rubuta lambar ƙa'ida a jikin kayansu, saboda ruɗanin da hakan ke jawowa. Duk da haka kasuwanni cike suke da kwalaye masu ɗauke da "HDMI 2.0" ko "HDMI 2.1" da manyan haruffa, wanda shi kansa alama ce cewa mai kayan bai damu da bin doka ba.

Sunayen da aka amince da su na Turanci ne, kuma haka mai saye zai gan su a rubuce. Wadda ake kira Standard an gwada ta ne a kan hoton 720p da 1080i, kuma ta kusa ɓacewa daga kasuwa. High Speed tana ɗaukar gigabit 10.2, wanda ya wadatar da 1080p har da rara, tunda shi bai kai gigabit 5 ba. Ita ce ta dace da mafi yawan gidaje, domin tashoshin tauraron ɗan Adam da ke nuna ƙwallon ƙafa da labarai tangaran galibi a 1080i suke, nauyin da bai wuce gigabit biyu da 'yan kai ba.

Lissafi yana sauyawa ne idan aka zo kan 4K, mai ɗigo 8,294,400, ninki huɗu na 1080p. Aika shi sau 60 a daƙiƙa da cikakken launi yana cin kusan gigabit 18, kuma a nan ne tsofaffin wayoyi ke fara tuntuɓe. Saboda haka a 2015 aka ɓullo da rukunin Premium High Speed, wanda ake gwada wayar a cibiyar da aka amince da ita, a kuma liƙa wa kwalinta tambari mai sheƙi da alamar QR. Ana iya duba alamar da manhajar da hukumar HDMI ta fitar kyauta, ta nuna sunan kamfanin da tsawon wayar da aka gwada.

Sama da ita akwai Ultra High Speed mai gigabit 48, wadda ita ma ke da nata tambarin. Masu buƙatarta ba su da yawa: masu na'urorin wasa na PlayStation 5 da Xbox Series X, waɗanda suka fito a watan Nuwamban 2020 kuma ke iya fitar da 4K sau 120 a daƙiƙa, sai masu kwamfutocin wasa da talabijin na 8K. Su ma na'urorin wasan biyu da wayarsu suke zuwa a cikin kwali. Rukunin Ultra96 da ya zo da ƙa'idar 2025 kuwa ya yi wa abin da ake kallo a gidaje nisa ƙwarai.

Abin lura shi ne tambarin ba ya nufin tsada. Kamfanoni masu sayar da kaya da araha ma suna kai wayoyinsu gwajin, kuma wayar da ta ci jarrabawar ta ci ke nan, ko nawa aka sa mata.

Waya ba ta ɗaga darajar abin da aka ɗora mata. Idan dikoda 1080i take fitarwa, haɗa ta da wayar gigabit 48 kamar shimfiɗa titi mai layi takwas ne domin keke guda.

Ga masu lasifikoki akwai ƙarin bayani guda. Tun ƙa'idar 1.4 ta 2009, talabijin na iya mai da sauti baya ta cikin wayar zuwa amfilifaya ko doguwar lasifikar da ake ajiyewa ƙarƙashin allo, abin da ake kira ARC, kuma kusan kowace waya tana yin wannan. Sabon salonsa, eARC, wanda ke ɗaukar sauti mai nauyi irin Dolby TrueHD, yana buƙatar wayar da aka rubuta wa "with Ethernet" ko kuma Ultra High Speed. Dole ne kuma a soka ta a kafar da aka rubuta wa ARC a bayan talabijin, domin yawanci kafa ɗaya ce tak ke da shi.

Inda tsawo ke shigowa

Bambanci na biyu shi ne nisa, kuma a nan ne kashe kuɗi ke da dalili. Saƙo yana raunana gwargwadon tsawon waya, kuma mai sauri ya fi saurin raunana. Tsakanin dikoda da talabijin da ke kan teburi ɗaya, mita ɗaya zuwa biyu, kusan kowace wayar kirki za ta yi. Har zuwa mita biyar ba a cika samun matsala da 1080p ba. Daga nan ne ake shiga yankin da wayar da ke nuna 1080p lafiya lau za ta iya gazawa da zarar an ɗora mata 4K. Wayar jan ƙarfe zalla mai gigabit 48 kuwa da wuya ta wuce mita biyar.

Wannan ya fi shafar mai majigi da aka rataye a silin, da kuma masu gidajen kallon ƙwallo a birane irin su Kano da Kaduna da Maraɗi, inda dikoda guda ke ciyar da allo biyu ko uku da ke nesa da juna. A irin wannan wuri yankewar hoto a tsakiyar wasa ba ƙaramar magana ba ce ga mai gidan, tunda 'yan kallo kuɗi suka biya.

Kaurin zaren da ke ciki yana taimakawa. Ana rubuta shi da lambar AWG, kuma lissafin a juye yake: ƙaramar lamba ita ce zare mai kauri. Gajerun wayoyi sukan zama 28 ko 30, dogaye kuma 24 ko 22. Sai dai waya mai kauri tana da nauyi da taurin lanƙwasa, kuma idan aka bar ta tana reto a bayan talabijin, nauyinta na iya sassauta kafar ko ya ɓalle ta daga allon lantarkin ciki, gyaran da ya fi wayar tsada nesa ba kusa ba.

Idan nisan ya kai mita goma ko fiye, akwai wayoyi masu ɗan guntun lantarki a kai da ke farfaɗo da saƙon, akwai kuma masu zaren gilashi da ke mai da shi haske, waɗanda ke kai 4K nisan mita gommai ba tare da rauni ba. Dukansu hanya ɗaya suke bi: kai ɗaya an rubuta masa Source, na dikoda, ɗayan kuma Display ko TV. Wanda ya juya su ba zai ga komai ba, kuma da yawa sukan mai da waya lafiyayya shago a kan wannan kuskure. Wata hanyar ita ce HDBaseT, ƙananan akwatuna biyu da ke tura hoton ta wayar intanet ta Cat6 har zuwa mita 100.

Mai gini da ke son ɓoye waya a bango zai fi samun kwanciyar hankali idan ya binne bututu mai faɗi maimakon wayar kanta. Ƙa'idar HDMI ta sauya sau da yawa cikin shekaru ashirin, bango kuwa ba a son fasa shi. Kuma a gwada wayar a ƙasa, da ainihin na'urorin da za a yi amfani da su, kafin a zura ta.

Arahar da ke da tarko

Cewa mai tsada ba ta fi ba, ba ya nufin duk mai araha ta yi. A manyan kasuwannin kayan lantarki kamar Alaba da ke Legas ko Sabon Gari da titin Beirut a Kano, ana samun na kirki da na banza a rataye wuri guda, wani lokaci cikin kwali iri ɗaya.

Hanyar da masu jabu ke rage kuɗi sananniya ce. Maimakon jan ƙarfe zalla, sai a sa alminiyam ko baƙin ƙarfe da aka shafa wa jan ƙarfe a sama. Akan rage rigar ƙarfen da ke kare zaren daga hayaniya, ko a bar wasu daga cikin haƙora 19 ba a haɗa su da komai ba. Irin wannan waya tana iya nuna hoto a shago, amma a gida a tarar ARC ba ya aiki, ko rimot ɗin talabijin ya kasa sarrafa dikoda, ko kuma ta mutu bayan an cire an mayar sau kaɗan. Kaurin roba ko saƙar zare mai ado a waje ba shaida ba ne, domin roba ta fi jan ƙarfe araha.

Wurin da waya ta fi mutuwa shi ne wuyanta, inda kai ya haɗu da jiki. Wuya mai ƙarfi da ke lanƙwasuwa a hankali, da kan da ke shiga kafa ya zauna daram ba ya girgiza, sun fi duk wani rubutun zinare a kwali muhimmanci.

Gwajin da ya fi kowanne shi ne na ido. A haɗa wayar, a sa hoto mafi nauyi da na'urar ke iya fitarwa, a kalli wuri mai duhu na 'yan mintoci, a ɗan motsa kan wayar. Idan babu walƙiya babu ɗaukewa, ta yi. Saboda haka yarjejeniya da mai shago cewa za a iya dawo da ita idan ta gaza ta fi sunan kamfani daraja.

Akwai wata wayar da ya kamata a guje wa baki ɗaya: mai kan HDMI a gefe guda da kawuna uku na ja da fari da ruwan ɗorawa a ɗaya gefen, babu akwati a tsakani. Dijital da analog harsuna biyu ne daban, kuma zare kawai ba ya fassara. Mai son haɗa sabuwar dikoda da tsohon talabijin sai ya nemi ƙaramin akwatin juyawa mai cin wuta, ya kuma lura da alkiblarsa, domin mai juya HDMI zuwa AV ba ya yin akasin haka. Haka batun yake ga wayar USB-C zuwa HDMI: tana aiki ne kawai idan wayar salular ko kwamfutar an gina ta da ikon fitar da hoto ta wannan kafa, kuma yawancin salula masu araha ba su da shi.

Ba kullum ne laifin waya ba

Sau da yawa akan sayi sabuwar waya domin magance cutar da ba tata ba. Talabijin na 4K da yawa suna zuwa da kafofinsu a saitin ƙasa, sai an shiga an buɗe cikakken ƙarfinsu. Samsung ya kira saitin HDMI UHD Color, daga baya Input Signal Plus, LG na kiransa HDMI Ultra HD Deep Colour, Sony kuma Enhanced format. A wasu akwatunan ma kafa ɗaya ko biyu ne kawai ke da cikakken sauri.

Sai kuma HDCP, makullin hana satar fasaha da kamfanin Intel ya ƙirƙira. Kafin hoto ya fito, na'urorin biyu sukan gaisa su tabbatar da juna, kuma finafinan 4K na buƙatar salon 2.2 ko sama a kowace na'ura da ke kan layin. Tsohuwar amfilifaya ko na'urar raba hoto maras inganci a tsakiya ta isa ta hana komai fitowa, ko ta sauke hoton zuwa 1080p, ko da wayar ta fi kowace kyau. Hanyar ganowa ita ce a cire duk abin da ke tsakani, a haɗa dikoda da talabijin kai tsaye. Wani lokaci ma kashe duka na'urorin daga soket da sake kunna su ya isa ya sa su sake gaisawa.

Babbar barazana ga kafar HDMI a Najeriya da Nijar ba ta da alaƙa da farashin waya. Wutar lantarki ce. Ƙananan guntayen da ke bayan kafar an yi su ne domin 'yan volt kaɗan, kuma wayar tana haɗa jikin na'urori biyu kai tsaye. A gidan da ba a yi wa wayoyin wuta hanyar ƙasa ba, ko inda talabijin ke kan janareta dikoda kuma a kan wani layin, ana iya samun bambancin wuta tsakanin jikin na'urorin, wanda mutum kan ji kamar ɗan cizo idan ya taɓa ƙarfen. Soka waya a wannan hali, na'urori na kunne, yana iya ƙona kafar nan take. Kashe su daga soket kafin a soka ko a cire yana kawar da mafi yawan haɗarin.

Da damina kuma tsawa ce. Farantin tauraron ɗan Adam yana kan rufi, wayarsa ta sauko zuwa dikoda, dikoda kuma tana haɗe da talabijin da amfilifaya ta HDMI. Ba sai aradu ta faɗa kan gidan ba, wadda ta sauka a kusa ma tana iya tura wuta ta wannan hanya ta bi na'urorin ɗaya bayan ɗaya, ko da an kashe su da rimot. Masu gyaran talabijin sun saba ganin akwatin da komai nasa ke aiki in ban da kafofin HDMI.

Rarar kuɗin da aka samu daga barin waya mai tsada ta fi amfani a nan: soket mai kare tashin wuta wanda dukkan na'urorin za su hau tare, sitabilaiza inda wuta ke hawa da sauka, da ma'aikacin lantarki da zai haɗa farantin da gidan da sandar ƙasa. Idan hadari ya haɗu kuwa, sai a zare wayar farantin daga bayan dikoda tare da filogin wuta, a bar su a cire har ruwan ya wuce.